Zaren Wuyan Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara iska ta tuge gawon da Kurciya ta yi sheƙa a kai, ta wayi gari ba wurin kwana. Gizo masaƙi ya ba ta ɗaki a gidansa, ita tana kaɗa masa zare, shi yana saƙa. Ci da sha kam ba ta rasa ba. Sai dai Gizo irin mutanen nan ne da ko atishawa za ka yi sai sun gaya maka ta wane hanci. Gishirin miya shi ke aunawa, gefen da za ta kwanta ma shi ke zaɓa.

Rannan ya ɗauki zaren da ta kaɗa da hannunta, ya kai marina aka rine shi baƙi ƙirin, ya ɗaura mata a wuya, ya riƙe ɗaya bakin.

"Yaya Gizo, wannan fa?"

"Don kada shaho ya sure ki ban sani ba. Ni ne na san abin da ya dace da ke."

Ta ce, "To."

Ta je rijiya, ta tsaya gaisawa da Zabuwa. Ko "ina kwana" ba su gama ba, zare ya ja, ta koma. Ta je suna gidan Hazbiya, an ajiye tuwo ke nan, zare ya ja, ta koma da yunwarta. Ta je gaisuwar mutuwa gidan Fakara, ana tsakiyar addu'a zare ya ja. Daga nan aka daina aiko mata da goron gayyata, don zumunta a ƙafa take. Sai ta wuni a bakin ɗaki ita kaɗai, ba mai sallama, ba abin da take ji sai juyin mazari. Kaɗaici ya ishe ta, har ta fara hira da auduga.

Ana nan sai Hankaka ya sauka kan danga.

"Kurciya, innarki na kwance a hayin kogi. Sunanki kawai take kira."

Ta ruga wurin Gizo. Ya auna zare da kamu, ya girgiza kai.

"Bai kai hayi ba. Ki kaɗa ƙari."

Ku ji wauta, jikokina! Ta zauna ta kaɗa wuni guda. Gizo ya auna, ya ce da saura. Ta kaɗa wuni na biyu har yatsunta suka yi kanta. Ya ce da saura. A wuni na uku tana kaɗi tana hawaye, Hankaka ya dawo.

"Ke! Uwarki na bakin tafiya, kina nan kina ƙara wa igiyarki tsawo?"

"Yaya Gizo ya ce shaho..."

"Wane shaho? Tun da ya ɗaura miki zaren nan, kin ga ya saƙa ko ƙyalle in kin fita? Yana zaune ne hannu a kan zare, gabansa na faɗuwa. Tsoro yake ji kada gida ya zama shi kaɗai. Zaren nan ba zai taɓa isa ba."

Kurciya ta ce wa Gizo za ta wanki. Da ta isa bakin kogi ta kai hannu wuya, ta ja ƙullin sau ɗaya, ya warware. Ashe ɗaurin ma bai yi ƙarfi ba. Ta ɗaura zaren a jikin geza, ta tashi sama.

Ta sauka ƙofar gidansu daidai lokacin da maza ke dawowa daga maƙabarta. Wata tsohuwa ta rungume ta, ta ce, "'Yar nan, jiya warhaka da kin same ta da rai. Ta hana a rufe ƙofa, wai kina hanya."

Kurciya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Baƙin zoben da kuke gani a wuyanta, shunin zaren nan ne, ya ƙi fita.

Bayan sadakar arba'in ta koma ta gaida Gizo, don ba ta manta alherin ɗaki ba. Ta tarar da shi a inda ta bar shi, ya rame, masaƙa ta yi ƙura, zare na hannunsa. Tausayinsa ya kama ta.

"Yaya Gizo, ni ce. Zan riƙa zuwa gaishe ka da ƙafata, amma ba da zare ba."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ɓata gida. Tawa Kurciyar tana bakin kogi. Yanzu ta yi hankali, ko motsi ba ta yi sai na ja."

Ta yi masa sallama ta tafi. Har yau yana can tsakiyar zarensa, shi kaɗai.

To, ku riƙe wannan. Mai son juya mutum, sau da yawa tsoro ne ke cinsa. Ku tausaya masa, ku gaishe shi, amma in ya ɗaura muku igiya, kwancewa ake yi, ba a ƙara mata tsawo.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya tsere da kansa.