Shugaba da Mai Sito a Riga Ɗaya

"To wa zai rantsar da wa, ranka ya daɗe?"

Lantana ta tsaya cak a bayan ƙofar zaure. Baba Ilu ne, maigadin firamare, yake tambayar mijinta Alhaji Ɗantani, shugaban kwamitin makarantar, kuma mai riƙe da mukullin sitonta na kaya. Kwanon rufi ya ɓace daga siton, Alhaji ya ce Ilu ya kawo ɓarawo ran Juma'a ko ya kore shi.

"Ban gane ba," in ji Alhaji.

"Ai dokarku ce, mai ƙarar sata ya tsaya ya rantse gaban shugaba. In ka miƙe a mai sito, kujera ba kowa, wa zai kore ni? In ka zauna, wa ya ce an yi sata? Sai dai a ɗora wani a kujerar, shi kuwa da mai mukulli zai fara."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Koma bakin aikinka."

Da ya shigo gida, ya ce mata tausayin tsohon ne ya kama shi.

"Allah ya ba da lada," ta ce, kanta a ƙasa. Ta ƙudurta ko innarta ba za ta ji wannan ba.