Gwangwanin da Ya Cika wa 'Yarsa

An yi wani mutum a wata gonar inabi da ke bayan garin Worcester, a Afirka ta Kudu. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye. Shi ne shugaban leburori, kuma a zamanin da ake haɗa wa mutanenmu ladan aiki da giya, gwangwanin rabon giyar a hannunsa yake. Ko da aka hana wannan al'ada bai daina ba, saboda da gwangwanin nan yake juya mutane.

Yana da 'ya guda, Lenie, wadda yake so kamar ransa. Lokacin tsinkar inabi ya same ta da juna biyu, tana wuni a sunkuye, bayanta yana ciwo. Sai ya riƙa cika mata gwangwanin yana cewa, "Shanye, uwata, ki samu barci."

Inna Griet, tsohuwar da ke karɓar haihuwa, ta tare shi. "Kai, ka ji tsoron Allah. Abin da ta sha, na cikinta ma ya sha."

Ya yi dariya. "Haba Griet! Mu ba da ita aka yi cikinmu ba? Ga ni garau. In ƙari kike nema, miƙo kofinki."

Aka haifi Mietjie 'yar mitsitsiya, ko nono ba ta iya ja sosai. Giyar kuwa ta riga ta kama Lenie, ta rasu kafin yarinyar ta shiga makaranta. Shi ma giyar ta ci ƙarfinsa, aka karɓe shugabancin. Ya rage daga shi sai jikarsa.

Idan ya aike ta sayen burodi, sai ta tsaya a hanya ta manta abin da ya fito da ita. A makaranta aka ce taurin kai ne. Ya yarda, har ya riƙa dukanta.

Ya 'yan uwa, wa ya fi cancantar dukan nan?

Wata rana Inna Griet ta ja shi zuwa taron da matan unguwa suke yi da ma'aikaciyar jinya. A can ya ji cewa giyar da mai ciki ta sha tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma tabon ba ya gogewa. Aka lissafo alamun, ya ji kamar Mietjie ake siffantawa.

Da ƙyar ya ce, "Akwai magani?"

Griet ta ce, "Babu, tsoho. Amma akwai mu. Ka faɗa mata abu ɗaya, ka jira. Gobe ka sake faɗa."

Matan suka raba nauyin. Wata tana raka ta makaranta, wata tana koya mata kwaɓa burodi, ko sau nawa za a maimaita.

Mietjie ta tsinci tsohon gwangwanin a bayan ɗaki. Da shi take kawo wa kakanta ruwa kowace safiya, kuma da ya gan shi sai hawaye.

"Kaka, kuka kuma? Ƙato da kai!"

"Na cuce ki, 'yar tsuntsuwata. Ki yafe mini."

"Na yafe. Sha ruwanka."

Washegari ta manta an yi haka. Ta sake kawowa, ta sake tambaya, ta sake yafewa. Shi kaɗai ne ba ya mantawa.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai ƙi 'yarsa ba. Son ta yake, amma an yi masa nasiha ya mayar da ita abin dariya. Kada mu miƙa wa mai ciki giya, komai ƙanƙantarta. Kada kuma mu ɗora laifin a kan uwa ita kaɗai, alhali wani ne ya cika mata kofin. Yaran da aka riga aka haifa da wannan tabo kuwa ba su da laifin komai. Wa zai raka su hanya idan mu muka ƙi?

Allah ya jiƙan Lenie, ya raya Mietjie, ya karɓi tuban kakanta. Allah ya kiyaye mu da cutar da waɗanda muke ƙauna.