Sunan Jaririyar Takna

Ku gyara zama ku saurara, domin idan na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari da ke kusa da iyaka, an yi wata ɗaliba mai suna Barira, tana karatun kiwon lafiyar al'umma. A shekararta ta biyu aka tura ta asibiti koyon aiki. Wata rana da hantsi aka shigo da wata mata a kan amalanke, ta kwana biyu tana naƙuda. Ba ta da katin asibiti, ba ta jin Hausa, kuma babu wanda ya taɓa auna cikinta. Kafin azahar ta cika, ita da abin da ke cikinta. Barira ce ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Da ta tambaya, sai aka ce mata ai matar daga bayan kara take, wato kasuwar dabbobi, can inda baƙin da fari ya koro daga arewa suka kafa bukkoki a cikin kangaye.

Barira ta kasa mantawa. Ta sayi na'urar awon jini da kuɗin guzurinta, ta riƙa zuwa bayan kara duk ranar da ba ta da darasi. Wata uku babu macen da ta miƙa mata hannu. Sun ɗauka ƙidaya su take yi don a zo a kore su, da sun hango ta sai su shige bukka su saki tabarmar ƙofa. Haka za ta zauna a gindin wata bishiyar bedi har la'asar, ta tashi ta koma makaranta. Mahaifinta ya yi faɗa, ya ce karatu ya tura ta, ba zaman kango ba. Ta ba shi haƙuri, amma ba ta daina zuwa ba.

A cikin baƙin akwai wata tsohuwar ungozoma, Inna Tabawa, mai jin Hausa da Buzanci, yaren baƙin. Ita ce ta gaji da ganin yarinyar a rana, ta aika mata da ruwa, ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi. Da ta gamsu, sai ta fara miƙa nata hannun aka auna a gaban kowa. Daga ranar mata suka soma fitowa. Tabawa ce ke fassara, ita ce kuma ke rarrashin mazaje su bar matansu su je awo.

Sai dai awo na buƙatar magani da abin hawa, guzurin ɗaliba kuwa ba ya kaiwa ko'ina. A nan ƙawar Barira ta shigo, Zulai, wadda ke karatun kasuwanci. Ta ce tausayi yana gajiya, kuma mai roƙo ba ya zaɓen ranar da za a ba shi, gara a kafa sana'ar da za ta ɗauki nauyin aikin. Ta haɗa matan bayan kara su goma sha biyu, ta sa suka fara matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ita da kanta take yawo shago-shago da ɗakunan kwanan ɗalibai tana tallata kayan, har sai da ta faɗi jarrabawa ɗaya. Matan na ɗaukar rabonsu, sauran ribar kuma a sayi maganin ƙarin jini, a yanki katin asibiti. Cikin shekara ɗaya da rabi suka mallaki tsohon keke mai ƙafa uku.

Ana nan, sai ga wata matashiya mai suna Takna da cikin fari. Mijinta Alhusaini gadi yake yi a kara. Da Barira ta auna ta, sai ta ga jininta ya hau ƙwarai, ƙafafunta sun kumbura. Ta kai ta asibiti aka buɗe mata kati, aka gwada nau'in jininta, aka ɗora ta a kan magani. Ta kuma zaunar da Tabawa ta bayyana mata alamun da idan ta gani kada ta jira komai.

Ranar wata kasuwa, ana tsakiyar damina, Takna ta yi kukan ciwon kai, ta ce ba ta gani sosai, sannan ta faɗi tana jijjiga. Surukarta ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Alhusaini ya tsaya a bakin bukka ya ce babu inda za a kai ta, domin ba su da takardun zama, yana tsoron a riƙe su. Tabawa, wadda ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa ba ta taɓa cewa wani ciki ya fi ƙarfinta ba, ta dube shi ta ce, “Wannan ya fi ƙarfin hannuna. Idan ka hana, kai za ka haƙa kabari biyu.” Ya kauce daga ƙofar.

Tabawa ta aika aka kira Barira, ta iso a cikin keken. Ta kwantar da Takna a gefe ɗaya don kada ta shaƙe, ta riƙe kanta a cinya, tana waya da asibiti a kan hanya. Saboda katin da bayanan da ke ciki, ba a ɓata lokaci a bakin ƙofa ba, kai tsaye aka wuce da ita ɗakin tiyata. Aka ciro 'ya mace da rai. Amma uwar ta zubar da jini da yawa, nau'in jininta kuwa mai wuyar samu ne, babu shi a ajiye. Aka gwada mijin, aka gwada Barira, bai dace ba. Da labari ya iske Zulai, ta baro kasuwa a guje, ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Nata ya dace. Tana da tsoron allura tun ƙuruciya, amma ta kwanta ta kawar da kai aka ɗiba. Kashegari da safe Takna ta buɗe ido ta nemi 'yarta.

Ana jibi suna, Alhusaini ya zo wurin Barira a gindin bedin nan, ya tarar da ita tare da Tabawa da Zulai, ya durƙusa. Ya ce ba shi da raƙumi, ba shi da gona, abin da ya rage masa na kyauta shi ne sunan 'yarsa, kuma ya yi alkawari zai sa mata sunan wadda ta ceci uwarta. Sai dai ya rasa wace ce, liman kuma suna ɗaya zai raɗa.

A ranta Barira ta so sunan, domin ta sha wuya a kan aikin nan. Amma ta ce da Tabawa ba ta buɗe ƙofa ba, da har yau tana zaune a waje. Tabawa ta ce ita baki kawai ta sa, jinin Zulai ne ke gudu a jikin Takna. Zulai ta ce jini da keke ba su da amfani ga macen da ba a gano ciwonta ba tun da wuri.

Ga rago a ɗaure, ga wanzami ya wasa aska, ga jaririya babu suna. Ɗaya ta gano ciwon ta buɗe hanyar asibiti. Ɗaya ta ajiye girman sana'arta ta karya tsoron miji. Ɗaya ta kafa sana'ar da ta kawo magani da abin hawa, ta kuma ba da jininta.

To, ku da kuke saurare, sunan wa ya kamata a raɗa wa 'yar Takna?