Takardar Ƙungiya a Teburin Darakta

Akwai wani akawu a wata ma'aikatar gwamnati da abokan aikinsa ke kira Dogon Turanci, domin ko gaisuwa ka yi masa sai ya amsa maka da sakin layi uku. Shekararsa goma sha shida a kan tebur ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa, yana kwance fayil yana ɗaure fayil.

Daraktan ma'aikatar ba mai faɗa ba ne. Idan ka ɗaga murya a kan ƙarin girma da aka danne, murmushi zai yi maka. Bayan sati guda takardar canjin wurin aiki za ta same ka, a jefa ka reshen da sai an yini a mota kafin a kai.

Dogon Turanci ya gaji da ganin haka, sai ya fara bin tebur tebur a asirce yana neman waɗanda za a kafa ƙungiyar ma'aikata da su. Ya samu mutum goma sha ɗaya, shi ne cikon na sha biyu. Shirinsa shi ne a ɓoye sunayen har sai sun yi yawa, don shi kansa canji zai kassara shi. Mahaifiyarsa na hannunsa, duk sati sau biyu yake kai ta wankin ƙoda, kuma babu irin wannan asibiti a wancan reshe.

Wata rana tsohon masinjan ofishin, wanda kowa ke kira Baba Masinja, ya tare shi a bakin matakala.

"Malam, na ji ana rubuta sunaye. A sa da ni mana. Inna mai shara ma ta ce in tambayo mata."

Dogon Turanci ya gyara taye. "Baba, wannan magana ce ta masu biro. Ku da ko sa hannu ba ku iya ba, me za ku faɗa a zaman tattaunawa? Idan mun samo, ai za ku sha romo."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Baba, ya rungumi fayilolinsa ya wuce.

Ana gab da tashi ran nan aka bugo masa waya cewa jikin tsohuwarsa ya motsa. Ya ɗauki takardar sunayen ya cusa a sabon fayil don kada wani ya gani. To, sabo turken wawa. Hannun da ya shekara goma sha shida yana abu ɗaya bai jira umarni ba. Ya rubuta kan magana a bango da manyan baƙaƙe, KAFA ƘUNGIYAR MA'AIKATA, ya ɗaure da igiya, ya jefa a tiren fita, inda ake kwasar fayiloli a kai gaba, ya yi waje da gudu.

Washegari ya buɗe durowa, wayam. Ya zazzage jaka, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har kwandon shara ya tona. Da idonsa ya faɗa kan tiren fita, sai ya tuna abin da ya yi.

Ya ruga wurin mai rajista. Ta buɗe babban littafinta ta nuna masa da yatsa.

"Ga shi nan, na ba shi lamba tun jiya. Na Darakta ne."

"Don Allah ki soke!"

"Kai ne za ka ce mini haka? Kai ka koya mini cewa fayil mai lamba ba ya komawa baya. Baba ya ɗauka."

Ya haura sama yana haki. Sakatariyar Darakta ta ce ita ba ta ga wani fayil ba. Ya sauko, mai rajista ta rantse ya fita. Fayil bai isa sama ba, kuma ba ya ƙasa. To, yana ina?

Maigadi ya ce ya ga Baba ya nufi garejin motoci. Direbobi suka ce yanzun nan ya tafi sito. A sito aka ce ya bi masu ban ruwan fulawa. Duk inda ya je sai a ce masa yanzu ya bar nan, kuma duk wanda ya nuna masa hanya sai ya ga babban yatsansa shuɗi. Inna mai shara ma da ta ɗaga tsintsiya ta gaishe shi, yatsanta shuɗi ne. Ya ce a ransa ko wata cuta ce ta shigo, amma ba ta wannan yake yi ba.

Kafin azahar labari ya kai kunnen sauran sha ɗayan. Ɗaya ya ce shi ya ɗauka takardar halartar aiki ce ya sa wa hannu. Wani ya ce ciwon kai ya kama shi, ya sulale gida. Sauran suka kewaye teburinsa kowa na magana ba mai saurare.

"Tsohon nan ramuwa zai yi," in ji ɗayansu. "Me ka yi masa?"

Dogon Turanci ya tuna abin da ya gaya wa Baba a bakin matakala. A ransa hoton mahaifiyarsa kawai yake gani a bayan mota a kan doguwar hanya. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron.

Rana ta uku da hantsi aka ce Darakta na kira. Ya shiga. Ga fayil a kan tebur, rubutunsa ne a bango, amma ya yi kauri. Baba Masinja na tsaye a gefe, hannu a baya.

Darakta ya buɗe shafin farko. Sa hannu goma sha biyu. Ya juya, sai ga dangwalen yatsa jere reras, kowane da suna a gefensa cikin rubutun mai kula da sito. Ya sake juyawa, ya sake, har shafi biyar.

"Mutum tamanin da uku ne bayan naku," in ji Darakta, yana cire tabarau yana mayarwa. "Ga direbana. Ga mai dafa mini shayi. Ga maigadin da ke buɗe mini ƙofa. Kai, yaushe ka tara waɗannan?"

"Ranka ya daɗe, ni ma... wallahi ban sani ba," in ji Dogon Turanci.

"Ba ka sani ba? Rubutun wa ke bango?"

"Nawa ne."

Darakta ya dubi Baba. "Kai kuma fayil na hawa bene ɗaya ya kwana biyu a hannunka?"

"Ranka ya daɗe, ƙafa ce ta tsufa," in ji Baba.

Darakta ya daɗe yana juya biro. Mutum sha biyu ana watsa su da takarda ɗaya. Amma wa zai tura ma'aikata kaf, ya zauna yana share ofis da kansa? Daga ƙarshe ya rubuta a ƙasa cewa a fito da wakilai uku a zauna da su sati mai zuwa, ya tura fayil gefe.

A bakin matakalar nan Dogon Turanci ya riƙe hannun tsohon.

"Baba, me ya sa ba ka ɓoye shi ba kawai? Ko ka kai shi yadda yake, tunda na ci mutuncinka?"

"In na ɓoye fayil mai lamba, ni za a kora. In na kai shi da sunaye sha biyu, ku za a watsa, tsohuwarka kuma ta shiga uku. Mai rajista ta karanta mini bangon, sai na ari tawadar hatimi na zaga da shi. Kowa sai da na gaya masa ko mene ne kafin ya dangwala."

Ya ɗaga babban yatsansa, shuɗin bai gama fita ba.

"Ka ce maganar ta masu biro ce, Malam. Mu abin da muke da shi ke nan."

Dogon Turanci ya sunkuyar da kai. Da aka zo zaɓen wakilai, shi ya fara miƙewa, ya kira sunan Baba da na Inna mai shara, ya zauna bai ƙara ko kalma ba.

Darasi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In za ka nemi haƙƙi, kada ka raina na ƙasa da kai, don wanda ka hana shiga sahu yau yana iya zama shi ne katangarka gobe. Ku tura wa abokan aikinku, musamman masu taye.