Bakaniken Gumel da Ya Ƙi Shaidar Tambarin Aro

Akwai wani bakanike a garin Gumel mai suna Habibullah, abokai na kiransa Habibu. Garejinsa na bakin hanyar da ta miƙe zuwa Maigatari, rumfar kwano ce da rami ɗaya da inuwar darbejiya. A kan motocin Jamus ya fi ƙwarewa, domin shekara tara ya yi yana koyon aiki a Kano kafin ya dawo gida.

Duk Asabar bayan La'asar, matasa masu son mota sukan taru a gefen garejin nan. Wasu daga Gagarawa suke zuwa, wasu daga Sule Tankarkar. A jera motoci, a ɗaga bonet, a yi ta musu har a kira Magariba.

Wanda ya fi kowa baki a majalisar shi ne Zayyad, ɗan Alhaji Sajo, babban dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Habibu kuwa ƙanwar Zayyad ɗin yake nema da aure, wato Hadiyya. Manya sun san da maganar, sa rana kawai ya rage.

Wata Asabar sai ga Zayyad ya iso da baƙar Marsandinsa tana wani irin ruri. Kowa ya san motar, C300 ce, Habibu ne ke yi mata juyen mai tun zuwanta daga Kwatano. Amma ranar nan bayanta ya canza. An ɓamɓare tsohon rubutun, an manna C63 a hagu, AMG a dama, wato tambarin da ake sa wa samfurin da ke da ƙaton inji mai tsananin gudu. An sauya salansa don ta riƙa ƙara, har murfin inji an sa mata mai tambarin.

Nan take majalisa ta rabu biyu.

Shehu, wani malamin makaranta daga Gagarawa, ya zagaya motar yana dariya ya ce, "Zayyad, yaushe silinda huɗu ta haihu ta zama takwas?"

Zayyad ya ce, "Motata ce, ra'ayina ne. Kai hular da ke kanka ba ado ba ce? Wa ya tambaye ka ko kai basarake ne?"

Wasu suka ce ai gaskiyarsa, ado ne kawai, rabin Marsandin da ke yawo a titi haka suke. Wasu suka ce a'a, wannan raina hankalin mutane ne, kayan aro ba ya rufe katara. Aka yi ta ɗaga murya, wani na buga bonet, wani na rantsuwa.

Da abin ya ƙi ƙarewa sai suka juya ga Habibu, wanda ke wanke hannu da fetur a gefe.

Ya ce, "In don ado ne, kowa da abin da ke burge shi. Ni dai ba na manna wa mota sunan da ba nata ba, shi ya sa ba nan aka kawo aikin ba. Amma ku sani, tambari ba ya ƙara mata gudu, ba ya ƙara mata birki. Ranar da mutum ya fara yarda da abin da ya manna da hannunsa, ranar matsala ke farawa."

Zayyad ya ɓata rai.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, Zayyad ya shigo garejin shi kaɗai. Ya ja Habibu bayan rumfa.

Ya ce, "Na samu mai saye. Wani yaro ne daga ƙetare, a waya ya ga bidiyon motar, ya haukace a kanta. Jibi zai zo. Ya ce sai bakanike ya duba masa. Abin da nake so da kai kaɗan ne, ka ɗaga bonet, ka gyaɗa kai, ka ce ta asali ce."

Habibu ya dube shi ya ce, "Ka gaya masa C300 ce?"

"In na gaya masa me zan ci? Ai shi bai san komai a mota ba."

"To wannan ba ado ba ne kuma, Zayyad. Zamba ce. Ba zan yi ba."

Zayyad ya matso kusa, ya rage murya. "Ka manta gidan wa kake neman aure?"

Habibu ya ce, "Ban manta ba. Don ban manta ba ne ma nake ce maka ka fasa. In ka kawo shi nan ya tambaye ni, abin da ke cikin motar zan faɗa masa."

Zayyad ya yi tsaki ya shiga mota, ya bar garejin da ƙura.

Habibu ya kasa sakin jiki da aiki ranar. Bai san mai sayen ba, bai san inda zai same shi ba. Da yamma ya wanke jiki ya sa kaftani, ya nufi gidan Alhaji Sajo. Ya same shi a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zayyana masa komai.

Alhaji Sajo ya san shanu kamar yunwar cikinsa, amma a mota bai san komai ba sai shiga da fita. Ya sa aka kira Zayyad.

Zayyad ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wallahi hassada ce. Na kai aikin motar wani gareji, shi ne yake jin haushi. Yanzu tun bai shigo gidan nan ba ya fara kiran ɗanka ɓarawo. Ina ga an ba shi Hadiyya?"

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Habibu, ka zo har zaurena ka ce ɗana mazambaci ne? Ka ba shi haƙuri yanzu, ka janye maganar nan, a wuce wurin."

Habibu ya sunkuyar da kai. Ya san abin da ke kan sikeli. Shekara biyu yana gina ɗaki biyu a bayan gidansu saboda auren nan.

Ya ce, "Baba, in muryata ta yi sama, ina neman afuwa. In zuwana ya ɓata maka rai, ina neman afuwa. Amma maganar mota ba zan janye ba, domin gaskiya ce. In na janye yau don a ba ni aure, gobe da wane ido zan kalle ka?"

Alhaji ya nuna masa ƙofa. "To tashi. Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Labari ya bazu a Gumel kafin kwana biyu, amma a juye. Aka ce Habibu ya je ya zagi surukinsa. Zayyad ya janye rabin majalisar Asabar zuwa wani wuri, abokansa suka daina kawo motocinsu. Wani bakanike a wani gari ya ɗaga bonet ya gyaɗa kai, aka sayar da motar, ta ƙetare iyaka.

Har mahaifiyar Habibu ta zaunar da shi ta ce, "Ɗan nan, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka je ka ce ka yi kuskure mana."

Ya ce, "Inna, zan durƙusa sau ɗari. Amma ba zan ce fari baƙi ne ba."

Hadiyya ma ba ta yi shiru ba. Da Zayyad ya shigo cikin gida yana cewa ya raba ta da matsiyaci mai baƙin mai a farce, sai ta ajiye tiren da ke hannunta ta ce, "Yaya Zayyad, ni na ga ranar da ka shigo da tambarin nan a leda. A gabana ka buɗe shi. In Baba ya tambaye ni, zan faɗa."

Ya daka mata tsawa. Alhaji bai tambaye ta ba, ita kuma aka hana ta waya.

Haka aka yi sati shida. Garejin ya yi shiru, sai ɗan gyaran Keke Napep da Habibu ya koma karɓa don kada ya zauna haka nan. Shehu kaɗai ke zuwa ranar Asabar, su zauna su biyu a kan benci.

Sai wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, rana ta take, kara ta cika maƙil da shanu da raƙuma. Alhaji Sajo na zaune a rumfarsa sai ga baƙar Marsandi ta kutso a hankali ta tsaya a gabansa. Wani saurayi ya fito daga mazaunin direba. Daga ɗaya gefen kuma wani dattijo ya fito da rawani da sanda.

Nan take Alhaji Sajo ya gane shi. Alhaji Lawali ne na Damagaram, mutumin da suka shekara talatin suna cinikin shanu a kan amana, ba takarda, ba shaida.

Alhaji Lawali ko zama bai yi ba. Ya ce, "Sajo, wannan Siddiq ne, ɗan ƙanina. Ɗanka ya sayar masa da motar nan a kan mai babban inji ce. Mun kai ta gareji a Damagaram, an ce ƙarya ne. Ban je wurin hukuma ba saboda kai. Na zo in ji daga bakinka."

Aka kira Zayyad a waya ya zo. Da ya ga taron da ya kewaye motar, maimakon ya russuna, sai ya ƙara wa wutar fetur.

Ya ce, "Lafiyayyar mota na ba shi! Can garinsu aka cire injin aka sa ƙarami, yanzu an zo a ɓata mana suna!"

Wuri ya hargitse. Fataken Nijar suka taso, dillalan gida suka taso. Siddiq ya yi kan Zayyad, sai da mutum uku suka riƙe shi. Alhaji Lawali ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yau mu ne ɓarayi, Sajo? To a kawo wanda ya san motar nan. In mu muka cire inji, na yafe cinikin da ke tsakaninmu har abada. In kuwa ɗanka ne ya yi ƙarya, kai ka san abin da ya dace."

Alhaji Sajo ya yi tunanin wanda za a kira. Mutum ɗaya ne ya san motar nan ciki da waje, kuma shi ne wanda ya kora daga zaurensa. Ya ciro waya da kansa ya kira.

Habibu ya iso a kan babur, da kayan aikinsa a jiki. Ya gaida dattawan biyu. Zayyad ya matso ya raɗa masa, "Ka rufa mana asiri, wallahi gobe a ɗaura maka aure."

Habibu ko kallonsa bai yi ba.

Ya ɗaga bonet, ya cire murfin injin ya ajiye a ƙasa. Ya ce wa Siddiq, "Matso ka ƙirga silinda da kanka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wadda aka ce maka ita ce, takwas gare ta." Sannan ya goge wani wuri a jikin injin da tsumma, ya haska lambar da ke jiki, ya karɓi takardun motar ya nuna wa dattawan.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, lambar inji da ta takarda ɗaya ce. Wannan shi ne injin da ta zo da shi, ni na fara kunce shi a Gumel. Babu wanda ya canza komai a Damagaram. Motar lafiyarta lau, kuma mota ce mai kyau a matsayinta. Sunan da aka manna mata ne ba nata ba."



Alhaji Sajo ya miƙe. Ya cire hularsa, abin da ba a taɓa gani ya yi a kasuwa ba, ya ce, "Lawali, ɗana ya yi ƙarya, kuma ya ɗora muku sata. An zo har gida an gaya mini, na kori mai gaya mini. Laifin nawa ne kafin nasa. A bar motar nan, yau Siddiq zai koma da kuɗinsa cif."

Ya juya ga Zayyad ya ce, "Durƙusa ka ba su haƙuri." Zayyad ya durƙusa a cikin turɓaya da kashin shanu, a gaban mutanen da ya saba wucewa yana danna musu ham.

Alhaji Lawali ya daɗe yana kallon Habibu, sannan ya tambaya, "Wannan yaron ɗan wane ne?"

Alhaji Sajo ya mayar da hularsa ya ce, "Surukina ne, in har bai fasa ba."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren Habibu da Hadiyya. Alhaji Lawali ya zo da tawaga daga Damagaram, kuma tun daga lokacin motocin fatake masu lambar Nijar suka fara layi a garejin. Zayyad bai halarci ɗaurin auren ba, ya ce yana da uzuri a Kano. Har yau gaisuwarsu ba ta wuce sama-sama.

Ranar walima Shehu ya ja ango gefe ya ce, "Tsakaninka da Allah, da Alhamis ɗin nan ba ta zo ba, da ka rasa Hadiyya ke nan. Da ba ka yi nadama ba?"

Habibu ya ce, "Da na yi kuka, Malam Shehu, ba kaɗan ba. Amma ko a hakan, ba zan janye ba."

Darasi: Ka yi wa abinka adon da kake so, amma kada ka sayar wa mutane sunan da ba shi ne a ciki ba, ko mota ce, ko sana'a, ko kai kanka. In kuma aka matsa maka ka shaidi ƙarya, ka tsaya a kan gaskiya ko da za ta raba ka da abin da ka fi so, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu harkar mota, ko Allah zai sa wani ya fasa cutar wani.