Tafkin da Ke Cin Fuska

A zamanin da mutum da aljan suke cin kasuwa ɗaya, an yi wani sarki a tsakiyar sahara mai suna Uzairu, wanda yake mulkin birnin Ramlatu, birnin da ruwa ya fi zinariya daraja. 'Ya'yansa biyu ne maza. Babban, Yarima Kamilu, ya tashi a fada cikin shimfiɗu da turare. Ƙaramin, Marzuƙu, an kai shi goyo wurin kawunnansa makiyayan raƙuma, ya dawo gabjeje, baƙi wuluk, takobi a hannunsa tamkar sillen kara, amma fa ko ruwa iya gwiwa bai taɓa shiga ba.

Da tsufa ya zo wa Sarki Uzairu, sai ciwon sanyin ƙashi ya kwantar da shi. Fatake suka kawo labarin wani tsibiri a tekun gabas, mai dutsen da ke aman wuta, mai baƙin yashi, mai tafkunan ruwan ɗumi a bakin gaɓa, waɗanda aka ce suna warkar da kowace cuta. Kamilu ya ɗaura sirdi ya tafi ɗebo wa ubansa. Bayan wata biyu sai ga masu jirgin ruwa sun shigo fada riƙe da hannun wani mutum, kansa lulluɓe da mayafi. Aka yaye mayafin. Rigar ta Kamilu ce, zoben nasa ne, amma daga goshi zuwa haɓa babu ido, babu hanci, babu baki, sai fata sumul kamar bayan ƙwarya. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, ta ina numfashin yake shiga kuwa, Allah kaɗai ya sani. Masu jirgin suka ce su ba su sauka tsibirin ba, haka suka gan shi ya fito yana lalube.

Babban malamin fada ya duba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, fuskar Yarima tana can inda ya bar ta. In ba a dawo da ita cikin kwana arba'in ba, yunwa da ƙishirwa za su ƙarasa shi."

Marzuƙu ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ka yi mini izini." Sarki ya ɗaga masa hannu yana kuka.

Marzuƙu ya keta sahara kwana tara, ya ratsa Birnin Bokaye Bakwai, inda kuraye ke tsaron ƙofa sanye da sulke, inda ake sayar da iska a tulu da mafarki a mudu, ya yi gumurzu da dakarunsu har sai da suka buɗe masa hanya don dole. A rana ta goma sha huɗu ya isa Marjana, birnin bakin teku. Ya tsaya yana kallon ruwan da ba shi da tsallake, kuma in za a faɗi gaskiya, jarumin nan da bai ji tsoron kuraye ba, sai da ya ja da baya.

Mai riƙon birnin mace ce, Gimbiya Lubabatu, domin mahaifinta Sarki Haisamu ya tafi tsibirin nan shekara uku da suka wuce bai dawo ba. Ta saurari Marzuƙu har ya gama, ta ce, "Ya kai baƙo, duk matuƙin da ke garin nan zai gwammace a yanka shi da ya kai ka. Amma ni na iya tuƙi, kuma ina da abin nema a can. Ka iya iyo?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban iya ba."

Ta ce, "To, ka riƙe katako da kyau."

Kwana uku suna tafe, Marzuƙu yana amai, Gimbiya tana ɓoye dariyarta. Da hantsin rana ta huɗu tsibirin ya bayyana, dutsensa na fitar da hayaƙi siriri, iskarsa na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gimbiya ta tsaya a jirgi, Marzuƙu ya sauka shi kaɗai. Yashin baƙi ne ƙirin, mai zafi har ta cikin takalmi, kuma duk faɗin gaɓar nan babu kukan tsuntsu ko ɗaya.

Ya fara isa wani tafki da dutse ya zagaye, ruwansa kore shar, garai-garai har ana ganin tsakuwar ƙasa, tururi na tashi a hankali. A kan duwatsun gefe kuwa tufafi ne a ninke, jere reras: riguna, rawuna, alkyabbu, takalma an ajiye su bibbiyu, kamar masu su sun shiga wanka yanzu za su fito. Wasu rana ta cinye su har sun zama tsumma. Babu kowa a cikin ruwan.

Ya wuce zuwa tafki na biyu. Mutane ne zaune sahu-sahu a kan yashi, sun fi ɗari, ba su da fuska, ba su da hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ba su da tafin ƙafa, duk sun juya wajen ruwan suna jira. Lokacin azahar ya yi, ga ƙura da gumin tafiya, ga ruwa mai ɗumi yana sheƙi. Har ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai tarbiyyar makiyaya ta motsa masa, domin kawunnansa ba sa kusantar baƙon ruwa sai sun zagaya shi sun nemi sawun dabba. Ya zagaya tafkin kaf, bai ga sawun tsuntsu ba, bai ga na ƙaguwa ba, ko ƙuda bai gifta ba. Ya sake duban mutanen nan, ya ga daidai gaɓoɓin alwala ne suka rasa. Ya ja da baya, ya bugi baƙin yashi ya yi taimama, ya yi sallarsa.

Yana sallamewa sai ya ji an yi dariya daga tafki na uku, wanda ya fi duka girma, wanda katangar dutse guda ce ta raba shi da teku. Wata mace ta taso daga ruwan zuwa ƙugu, doguwa kamar giginya, gashinta na ɗiga, fuskar da ke kanta kuwa ta wani tsoho ce mai furfura. Tana magana fuskar ta zame ta faɗa ruwa, ta ɗauki ta wata yarinya ta manna.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam marowaci, ni ce Shamlulatu, sarauniyar aljanun ƙarƙashin dutsen nan. An halicce ni ba fuska, ba jiki, don haka duk abin da ruwana ya jiƙa, da zarar ya bushe ya zama nawa. Sarakuna sun ba ni jikinsu gaba ɗaya, malamai sun ba ni gaɓoɓinsu, ɗan'uwanka ya kwanta rub-da-ciki ya tsoma mini fuskarsa don ya sha. Kai kuma ka zo kana shafa ƙasa?"

Marzuƙu ya ce, "Ya ke la'ananniya, ni ne Marzuƙu ɗan Uzairu, kuma ban zo wanka ba. Ki ba ni fuskar yayana, ko in raba ki da wannan kan na aro."

Ta ce, "Takobi ba ya yanka ruwa, ga ta nan ka ɗauka. Sai dai mashi ba ya ɗaga ta, ƙwarya ba ta kwasarta, sai hannun ɗan'uwa mai rai."

Ya leƙa. Fuskoki ne birjik suna yawo a saman ruwan kamar ganyen bado, idanunsu a buɗe. Cikinsu ya ga ta Kamilu, sai ya ga wata, sai wata, har guda bakwai, domin aljanar ta kwaikwaye ta. Shida suka matso bakin dutse suna kuka, suna cewa, "Ƙanena, ka cece ni! Ni ne, ɗauke ni!" Ta bakwai kuwa ta ja can gefe, ta harare shi, ta ce, "Kai Marzuƙu, wa ya aiko ka? Wawa kawai! In ka taɓa ruwan nan ban yafe ba. Koma gida, wa ka bar wa Baba?"

Hawaye ya zubo wa Marzuƙu. Ya ce, "Yaya, yau ɗaya dai ba zan ji maganarka ba." Ya kwanta a kan dutse, ya miƙa hannun hagu bai kai ba, sai ya juya ya zurma na dama har kafaɗa, ya kamo ta, ya naɗe ta cikin rawaninsa tana ta zaginsa.

Shamlulatu ta yi guɗa. Marzuƙu ya dubi hannunsa yana ɗiga, ya san abin da ya rage masa da shi bai wuce bushewar ruwa a rana ba. Ya ruga kan katangar da ke tsakanin tafkin da teku, ya cusa takobinsa cikin wata tsaga, ya yi kabbara, ya danna da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi. Takobin ya karye, dutsen ya tsage, teku ta afko da ruri. Ruwan gishiri ya haɗiye na tafki, fuskoki da hannaye da ƙafafu suka watsu kan yashi, kowace gaɓa tana neman mai ita. Aljanar ta yi ƙara tana narkewa, ta zurara cikin ramin dutse, amma sai da ta ce, "Wannan kam nawa ne." Da Marzuƙu ya duba, hannun rigarsa na dama yana lilo, babu komai a ciki.

Mutanen sahun nan suka miƙe suna shafa fuskokinsu suna salati. Waɗanda suka shiga wanka da dukkan jiki kuwa ba su dawo ba. Gimbiya Lubabatu ta sauko, ta gane alkyabbar mahaifinta a kan dutse, ta rungume ta ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗaure wa Marzuƙu hannun rigarsa da kanta.

A rana ta talatin da tara suka shiga Ramlatu. Kamilu ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Malam ya ɗora masa fuskar, ta kama, ya buɗe ido, ya nemi ruwa. Ya daɗe yana duban kafaɗar ƙanensa.

Mutanen Marjana suka aiko suna roƙon Marzuƙu ya zama sarkinsu, Gimbiya kuma ta ce ita ma ba ta ƙi aurensa ba. Aka ɗaura aure, aka naɗa shi, sarakunan mutane da na aljanu suka hallara, har Sarki Uzairu aka kawo a ɗauke kan karaga. Da aka zauna walima, aka ajiye akushi gaban sabon sarki, sai ya tsaya yana kallon abincin, domin kunya ta hana shi sa hannun hagu a gaban manyan duniya. Mutane suka sunkuyar da kai, kowa ya rasa abin yi.

Sai Kamilu ya taso daga mazauninsa, ya wanke hannu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙanensa, ya yanko loma ya kai masa baki, idonsa cike da ƙwalla.

Marzuƙu ya ce, "Haba Yaya, mutane na kallo."

Kamilu ya ce, "Su kalla. Buɗe bakinka, marar jin magana."