Baƙo a Gidan Uwarsa

An yi wani mutum a nan tsibirinmu na Pemba. Ba zan faɗi sunansa ba, don shi da kansa ya riga ni yar da shi. Ubansa masunci ne, ya rasu ya bar shi yana ƙarami. Uwarsa, Bi Mwanakombo, da tsinkar kanumfari a gonakin mutane ta rene shi, shi da yayarsa Mwatima. Duk gidan wushirya gare su. Ko a tashar jirgin ruwa ta Mkoani ɗayansu ya yi dariya, ka san ɗan gidan wa ne.

Ya tsallaka Darussalam neman abinci, Allah kuwa ya buɗa masa. Ya kafa shagon kayan gini, ya nemi auren 'yar wani babban gida. Da suka tambayi asalinsa, sai ya ce shi maraya ne, kakansa Balaraben Oman. Ya sake suna. Ya yi ta murɗe harshensa har ya daina magana irin tamu.

Ya 'yan uwa, arziki laifi ne? A'a. To amma wane irin arziki ne zai sa ka binne uwarka da baki alhali tana raye tana shanya kanumfari a tabarma?

Kun san abin da muke yi ranar ƙaramar Sallah. Ana saukowa daga idi kowa zai nufi ɗakin uwarsa, ya durƙusa, ya sumbaci hannunta, ya nemi yardarta. Ita kuma ta dafa kansa ta ce ta yafe. Ba a aike, ba a wakilci. Mai gemu ma layi yake bi. Mutumin nan Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a ga ƙeyarsa ba.

Wata Sallah Mwatima ta gaji, ta hau jirgi ta bi shi da kwandon gurasar shinkafa da uwarsu ta gasa. Ta tarar da falo cike da surukai. Ta yi sallama, ta yi murmushi, sai wata tsohuwa daga dangin matar ta ce, "Ikon Allah, wannan ai bakinku iri ɗaya."

Mutumin nan ya miƙe ya ce, "Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Gidan da kike nema yana gaba."

Mwatima ta dube shi ta ce, "Haka ne, na yi ɓatan kai." Ta ɗauki kwandonta ta fita.

Bayan baƙi sun watse ya tsaya gaban madubi, ransa a ɓace, ya ce da ma Allah ya raba shi da kama da mutanen nan. Ku kula da abin da kuke roƙo ranar Sallah, 'yan uwa. Ana amsawa.

Sallar da ta biyo, ya wayi gari wushiryar ta haɗe. Ya yi murna. Ta gaba, tabon ƙugiyar kamun kifi da ke babban yatsansa ya shafe. Daga nan hanci ya miƙe, fata ta washe, murya ta sauya, har tafiyarsa ta masu tashi a kwale-kwale ta bar shi. Kowace Sallah da abin da take ɗauka. Matarsa da ma'aikatansa ba su lura ba, don kullum suna tare da shi. Cewa suke hutu ne ya karɓe shi.

Ana nan, cikin wani azumi, wani ɗan ƙauyensu ya shigo shagon sayen kwanon rufi. Tare suka yi wasan ƙasa, amma ɗan ƙauyen ya dube shi ido cikin ido bai gane shi ba. Cikin hira ya ce sauri yake ya koma, don wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Bi Mwanakombo, tana kwance rai a hannun Allah, kuma ta ce ɗanta da ya ɓace a birni ba ta yafe masa ba, ba ta kuma tsine masa ba, tana jira ya zo da ƙafarsa.

Mutumin nan kamanninsa sun canza, amma tsoron da ke cikinsa na ɗan Pemba ne. Ya san abin da ake faɗa a kan wanda uwarsa ta mutu ba ta yarda da shi ba. Daga ranar zama ya gagare shi. Ya shiga shago ya fito, ya zauna shan ruwa ya tashi. Ana gobe Sallah ya ce wa matarsa zai je duba kaya, ya kutsa cikin cunkoson jirgi.

Ya isa ƙauyen ana saukowa daga idi. Gidan yana nan yadda ya bar shi. Jikoki da 'ya'yan dangi sun yi layi a ƙofar ɗakin tsohuwa. Ya cire takalmi ya shiga layin.

Makame, mijin Mwatima, ya kamo hannunsa cikin ladabi. "Marhaba da baƙo. Nan layin 'yan gida ne, malam, bismillah ga dakali."

Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma a waje. Aka kawo alewa, aka zuba gahawa, aka ƙara. Kun san mu da baƙo, ba ma barin kofinsa ya bushe, amma ba ma kai shi ɗakin mata. Karamcin gidansu ne ya tsare shi a ƙofa. Yana ji ana shiga ana fita, yana jin muryar uwarsa can ƙasa-ƙasa tana cewa, "Na yafe, na yafe."

Da Mwatima ta fito ya tare ta. "Yaya, ni ne."

"Kai ne wa?"

Ya faɗi sunansa na yanka, ya ji shi wani iri a bakinsa. Ya faɗi sunan kwale-kwalen ubansu. Ya tuna mata ranar kwandon gurasa.

Ta ƙare masa kallo, ta yi tsaki. "Au, abokinsa ne kai? Har da wannan ya ba ka labari, bai ji kunya ba? Wato neman gafarar ma ɗan aike ya turo. Sha gahawarka, malam, ka koma ka ce masa ba a yi a nan."

Ya fashe da kuka a gaban yara. Hayaniyar ta kai kunnen tsohuwa, ta ce a shigo da ko wane ne. Ya durƙusa ya kama hannunta, ya ce, "Mama, ki yafe mini."

Idonta garau yake, hankalinta ma haka. Ta daɗe tana dubansa. Ta juya hannunsa, ta shafa babban yatsan. Ta ce ya sake kiranta, ya sake. Ni na san ta so ƙwarai a ce shi ne, domin matar nan ba ta da mugunta ko kaɗan.

Ta ce, "Bawan Allah, ba ka yi mini komai ba, me zan yafe maka? In kana da uwa, tashi ka je wurinta tun rana ba ta yi ba. In kuma ka san ɗana, ka ce masa yafiyarsa tana nan a hannuna, ban ba kowa ba. Ya zo ya karɓa, na gaji da riƙo."

Kafin la'asar ta cika. Da aka kai ta makwanci aka ce 'yan gida su sauka su karɓe ta, Makame ne ya sauka. Shi yana baya cikin baƙi, ana yi masa godiyar zuwa.

Bai koma shagonsa ba, bai koma wurin matarsa ba. Yana nan tashar Mkoani har yau, kun sha wuce shi. Ba ya roƙon kowa komai. Duk jirgin da ya tsaya sai ya bi masu sauka yana leƙa fuskokinsu yana cewa, "Ka san ni? Kin san ni?" Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ni kaina na tsaya na dube shi da kyau, da na ce na gane shi da na yi ƙarya, kuma abin yana damuna.

Ya 'yan uwa, Sallah ta matso, jirage sun fara cika. Wa ke jin kunyar ɗakin da aka haife shi? Wa ke cewa sai baɗi? Wanda ya ƙi a san shi da iyayensa, ranar da zai nemi su san shi tana zuwa, kuma ba lalle a ba shi ba. Mai uwa a raye ya tashi ya je da fuskarsa, tun ana gane ta.

Allah ya kiyaye mu da gudun asalinmu. Allah kada ya ɗauki iyayenmu yafiyarmu tana hannunsu. Amin.